Tafin Hannun Mma a Bangon Tanki

Na dafa bango da hannun hagu don kada santsi ya kwashe ni, sai na ji bangon ya karɓi hannun. Tafina ya nutse a ciki kamar yadda yatsa ke nutsewa a tuwon da bai gama hucewa ba. Na tsaya cak da tsintsiya a ɗaya hannun, ruwa iya idon sawuna, ni kaɗai a cikin tankin da ke ƙarƙashin gidanmu a unguwar Nima.

Tankin ɗaki ne guda na kankare da aka haƙa cikin ƙasa tun ina firamare, lokacin da famfo ya soma yin makonni bai kawo ruwa ba. Motar ruwa kan tsaya a bakin titi, a jawo tiyo ta lungu a zuba, mu kuma mu sayar wa unguwa a jarka da bokiti. Rufinsa kankare ne shimfiɗe. Rabi shi ne tsakar gidanmu, inda mata ke jera jarkoki suna jiran layi, rabi kuwa a kansa aka ɗora ɗakin da nake kwana. Bakinsa ƙarami ne mai murfin ƙarfe, namiji mai kafaɗa ba ya shiga. Duk shekara a cikin Sha'aban ake kwashe ruwan a wanke shi don azumi ya same shi da tsabta, kuma Mma, mahaifiyata, ita ke shiga saboda siririya ce. Bara ma ita ta shiga. Bayan Babbar Salla ƙafafunta suka soma kumbura, kafin shekara ta zagayo muka rasa ta. Da Sha'aban na bana ya kama aka dubi mutanen gidan, ni kaɗai na gaji ƙirarta.

Na zare hannuna a hankali. Wani farin abu mai danƙo ya biyo shi, da sanyi, da tsakuwa a ciki. Na ciro waya daga ƙullin ɗankwali na haska. Ga shatin hannuna a bango, yatsu biyar, ruwa na taruwa a cikinsu. Kewaye da shi bangon ya yi fari, ya yi bororo kamar fatar da ta ƙone. Wurin yana ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na matsa da hasken gefe kaɗan, sai na ga wani hannun.

Shi ma na hagu ne, daidai tsayin nawa, amma bakinsa ya bushe ya yi gashi-gashi fari. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake zuwa waje. Ƙofar mota ce ta datse wa Mma wannan yatsa tun tana budurwa, ya warke a haka. Da shi take nuna ni in na yi laifi.

Ban san yadda na hau ƙarafan takawa da aka dasa a bango ba. Na dai gan ni a waje, rana na dukan idona, Kawu na tsaye a kaina. Kawu ƙanin Mma ne, kamasho yake yi a tashar Tudu, shi ke kula da cinikin ruwan.

"Har kin gama? Ina tsintsiyar?"

"Kawu, bangon ya yi laushi. Hannu na shiga."

"Ei, Madam Sayans! Duk bokon da kika yi abin da aka koya miki ke nan, kankare ya zama tuwo? To kawo miya mu ci."

Matan da suka zo tambayar yaushe za a zuba ruwa suka yi dariya. Na buɗe musu tafina, dariyar ta ragu. Kaka, mahaifiyar Mma, tana zaune a kujerarta bakin ɗaki da carbi. Na durƙusa kusa da ita na raɗa mata abin da na gani na biyu.

Ta tsayar da jan carbin. "Hagu ko dama, uwata?"

"Hagu."

"Je ki wanke hannunki. Kada ki faɗa wa kowa."

Amma a gidan haya babu raɗa. Kafin la'asar mai kokon bakin lungu ta sani, kafin magariba maganar ta ƙetare babbar kwata ta kai unguwar Mamobi. Wasu suka ce duk ruwan da ya daɗe a rufe cikin duhu yakan samu mai shi. Wata tsohuwa da muke haya da ita ta faɗa a gabana, tana tankaɗe gari ba ta ko ɗago kai ba: "Uwar ta sa hannu, an karɓa. Yanzu 'yar ta sa." Daga ranar in na fito da buta, sai hira ta tsaya har in wuce.

Washegari tafin hannuna ya soma saɓa. Fatar ta yi fari, ta tsattsage a tsakanin yatsu, in ruwa ya taɓa sai zafi. Kullum da safe abin da nake fara dubawa shi ne ƙafafuna. In danna yatsa a idon sawu, in zuba ido in ga ko wurin zai lotsa ya tsaya, yadda na Mma ya riƙa yi.

Kawu ya ce a bar tankin babu ruwa tukuna har ya samo magini. Shi ya sa na soma jin sautin. Ranar Juma'a ce da tsakar rana, maza sun tafi masallaci, mata sun shige ɗakuna saboda zafi, an ɗauke wuta, ko fanka ba ta motsi. Ina kwance a tabarma kunnena kusa da ƙasa, sai na ji ɗis, can ƙarƙashina. Na ɗauka ɗigon ruwa ne. Sai na ji wani mai nauyi, kamar an saki dunƙulen fura a cikin kwano. Shiru ya biyo baya, mai tsawo, har na soma cewa kunnena ne. Sai wani abu ya zubo shaaa, kamar ana zazzage yashi daga buhu, ya tsaya.

Na ɗaga ledar ɗakin daga kusurwa. A gindin bango wani farin gashi ya tsiro, mai laushi kamar auduga, in ka taɓa ya zama gari. Na share shi tas. Bayan kwana biyu ya dawo, ya fi na da tsawo.

Kaka ta kira malamin da ke koyar da yara a zauren maƙwabta. Ya yi addu'a a bakin murfin, ya ba ni tofi in sha in shafa, ya ce in yawaita Ayatul Kursiyyu. Mutumin kirki ne, bai ce ya ga wani abu ba. Na sha, na shafa, na karanta. Sautin bai daina ba. Na koma kwana ɗakin Kaka, amma kayana duk suna can, duk sanda zan ɗauko zane sai in shiga da sanɗa kamar mai tsoron tada wani daga barci.

Ana cikin haka Anti ta zo gaida Kaka da gero da sukari na azumi. Ƙawar Mma ce tun suna makaranta, a Mamobi take zaune. Aikinta a wani ɗakin gwajin kayan gini ne, inda inji ke matse kankare har ya fashe a ga iya ƙarfinsa. Ta ga hannuna a naɗe da tsumma ta tambaya. Sai na ɗauko mata abin da na kankare daga tafina ranar farko, wanda na ƙulle a leda na ɓoye a bayan akwati. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta shinshina, ta je ta leƙa ɗakina, ta dawo fuskarta ta sauya.

"Mma Hajiya, me kuke sa wa ruwan nan?" in ji ta, tana duban Kaka.

"Alif mana," in ji Kaka. "Me ake sa wa ruwa ya kwanta in ba alif ba?"

"Kamar yaya kike zubawa?"

"Sai ya yi garau. Ruwan zamanin nan kuwa ba ya jin magani. Ka zuba, ka leƙa, yana nan kamar kunu."

Ni da Anti muka dubi juna. Shekaru ke nan da yanar ido ta dushe wa Kaka gani. Komai a hazo take ganinsa, har fuskokinmu. Makullin murfin kuwa a haɓar zanenta yake, ba ta ba kowa. Duk sanda mota ta zuba ruwa sai ta buɗe, ta leƙa, ta ga bai kwanta ba, ta jefa dunƙule daga buhun da ake sayo mata a Kasuwar Malam Atta. Gobe ta sake leƙawa ta ƙara. Masu saye sun sha cewa ruwanmu yana da bauri, Kawu ya ce musu alamar tsabta ce.

Anti ta zaunar da ni a dakali. "Kin yi kimiyya a makaranta, ko? Kin tuna salfet?"

Na ce na tuna sunan.

"To alif cike yake da shi. Ruwan kwatar da ke tsatsafowa ta bayan bangon nan shi ma yana ɗauke da shi. Salfet kuwa in ya samu siminti a jiƙe, shiga yake yi cikin ƙananan ƙofofinsa ya kumbura, ya fasa shi daga ciki. Ga kuma wani abu. Simintin da ake sayarwa yanzu, yawancinsa ana haɗa shi da niƙaƙƙen farin dutse. Ba mugun abu ba ne, in bulo za ka yi ko yaɓen ɗaki lafiya lau. Amma a wurin da ba ya taɓa bushewa, ga salfet kullum, in kuma an cika yashi da ruwa wajen kwaɓi, to wannan garin dutsen yakan haɗa kai da salfet su cinye abin da ke riƙe da tsakuwar. Sai ya koma wannan." Ta ɗaga ledar. "An fi ganinsa a ƙasashen sanyi, shi ya sa nake so in kai a gwada. Amma ko ba a gwada ba, abin da hannu ke shiga ba bango ba ne kuma."

"Anti, hannun Mma fa?"

"Ta dafa ne kamar yadda kika dafa. Ke nan tun bara ya soma."

"Ta dafa, ta rasu."

Ta kama kafaɗuna. "Ƙoda ce ta kashe Mmanki. Ni na riƙa raka ta asibiti tun kafin ku sani. Hannunki kuma ƙuna ce, ki shafa man kaɗe."

Na gyaɗa kai. Kaina ya yarda da ita, amma da na koma ɗaki sai da na sake danna idon sawuna.

Kafin ta tafi ta kira Kawu a waya a gabanmu. Ta ce kada a zuba ruwa, kada kowa ya shiga, a kwashe kayan ɗakina, a hana mata taruwa a kan rufin har ta zo da wanda zai duba. Ina jin muryarsa ta cikin wayar yana cewa, "Yoo, Hajiya Injiniya, na ji." Na san wannan "na ji" ɗin nasa.

Azumi ya matso, unguwa na ta zuwa da jarkoki tana komawa. Wata safiya da aka kai Kaka asibitin ido, Kawu ya shigo da magini, wani ƙaton mutum mai fara'a. Ya leƙa bakin tankin, wanda ba a kulle ba tun ranar wanki, ya gwada kafaɗarsa, ya yi dariya ya ce ko an shafa masa mai ba zai wuce ba. Ya ce in laushin a sama-sama ne, a kankare a yi sabon yaɓe, shi ke nan. Amma yana so ya san zurfinsa kafin ya faɗi komai. Ya ciro wata doguwar ƙusa daga aljihu. Ya ce sai wani ya shiga ya soka ta a wurare, ya faɗa masa inda ta tsaya.

Kawu ya dube ni, ya kau da kai. "In kina tsoro a bari. Ba dole."

Gaskiya bai tilasta ni ba. Ni na miƙa hannu na karɓi ƙusar. Mma ba ta son hoto, wanda muke da shi na katin zaɓe ne, ba ya ko kama da ita. Na ji ana maganar yaɓe, na san shatin hannunta za a fara shafewa. Ranar farko tsoro bai bar ni na ɗauka a waya ba.

Na sauka. Ciki ya fi da sanyi, ƙasan kuma ya cika da ɓaraguzan da ba na nan a wancan karon, suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin silifas. Na je na ɗauki hoton, na maimaita har ya fito. Sa'an nan na kafa ƙusar a bango na tura da babban yatsa. Ta shige har kanta. Na zare, na matsa gaba, na sake. Ta shige.

"Yaya?" in ji magini daga sama. Muryarsa ta zagaya tankin ta dawo.

"Ba ta tsaya ba!"

Sai na haska sama, abin da ban yi ba ranar farko. Rufin ya zubar da fatarsa. Rodin da ke ciki duk a waje yake, ya yi ja, ya kumbura, wani ya tsinke yana reto. Tsakanin rodi da rodi farin abin nan ne ke lilo kamar gemu. A ƙarƙashin ɗakina, daidai inda nake shimfiɗa tabarma, rufin ya yi ciki ya sauko.

Na ruga wajen ƙarafan takawa. Na taka na farko, na taka na biyu, na kama na sama da hannu biyu na ja jikina. Ƙarfen ya fito daga bango ya biyo ni, babu ko ƙara, kamar an zare cokali daga kunu. Wanda ke ƙarƙashin ƙafata ya sunkuya shi ma. Na faɗo da baya, wayar ta yi gefe, hasken ya mutu.

Na yi ihu, kuma ihun ne ya kusa kashe ni. A Nima in mace ta yi ihu ba a tambaya, zuwa ake yi. Na ji ƙafafu a kaina, daga ɗakuna, daga lungu, daga wajen mai koko, dim dim dim kamar ana daka. Yashi ya soma zubo mini a fuska. Wani ɓangare ya ɓalle ya faɗi kusa da ni ya watsa mini ruwa. Ina cewa, "Ku koma! Ku koma baya!" amma tankin yana cakuɗa maganar, abin da ke fita sama kuka ne kawai, sai su ƙara matsowa. Kawunan mutane suka rufe bakin, duhu ya cika. A cikin duhun nan na ga wani siririn layin haske ya buɗe a rufin, daga tsakiya ya nufi ɗakina, a wurin da rana ba ta taɓa shigowa ba. Ina kallonsa yana ƙara tsawo.

Magini ne ya fara ganin tsagar daga sama. Na ji ya daka tsawa, na ji Kawu yana zagin mutane da Hausa da Turanci da duk yaren da ya koya a tasha, yana korar su da muciya. Ƙafafun suka ja baya. Haske ya dawo ta bakin. Aka yi shiru, irin shirun da ban taɓa ji a gidanmu ba, sai yashin da ke ta zuba a hankali.

Daga nesa Kawu ya ɗaga murya ya ce an kira Anti, tana kan babur. Ta ce in koma kusurwar da ta fi nisa da ɗakina, in kifa bokiti a kaina, kada in taɓa bango. Bokitin da na bari ranar wanki yana nan. Na kifa shi, na tsuguna. Duk abin da ya faɗo sai ya buga ƙarfen ya amsa a cikin haƙorana. Ina jin numfashina, ina jin ana kiran sunana daga can sama kamar daga wata unguwa. Na karanta duk abin da na haddace, na rikice, na sake farowa. Ban san tsawon lokacin ba. Ƙafafuna sun mutu, ruwan ya daina yi mini sanyi.

Sai na ji muryar Anti, a natse, tana ba da umarni. Aka kwaso dogayen katakai daga shagon kafinta, aka shimfiɗa su daga ƙasa mai ƙarfi zuwa ƙasa mai ƙarfi, suka ƙetare bakin tankin ba tare da nauyi ya sauka a rufin ba. Ta ce mutum ɗaya kawai zai hau, kuma da rarrafe. Kawu ne ya hau. Na ɗaga bokitin na ga fuskarsa a bakin, a kife, jiƙe da hawaye, yana sako igiyar ɗaure kaya ta tasha da madauki a bakinta.

"Sa a hammatarki. Sa a hammata, Yaya, don Allah," in ji shi. Bai ma san ya kira ni yadda yake kiran Mma ba.

Na sa. Mazan da ke can bakin ƙofa suka ja, igiyar na gurzar katako. Ƙafafuna suka bar ƙasa, ina juyawa a iska, na dunƙule hannuwana a ƙirji don kada su taɓa komai. Bakin ya kankare mini kafaɗa da ƙugu. Kawu ya kama wuyan rigata ya ɗora ni a kan katako, ya ce kada in tashi tsaye. Muka rarrafa, shi da baya ni da gaba, fuska da fuska, ta gefen idona ina ganin tsagar ta ratsa tsakar gida ta shige ƙarƙashin ƙofar ɗakina.

Hannuwa suka karɓe ni, aka fitar da ni har lungu, aka zaunar da ni a ƙasa. Wata ta yafa mini zane, wata ta kawo ruwan leda ta fasa mini a baki. Tsohuwar nan mai tankaɗe tana ta shafa kaina tana salati. Ana kiran azahar a masallacin bayanmu. Ni kuwa na kasa sakin jikina, na ɗage a kan yatsun ƙafa da na hannu kamar har yanzu a kan katako nake.

Anti ta tsuguna a gabana, hular babur na hannunta.

"Anti, me ke ƙarƙashina a nan?"

"Ƙasa."

"Ƙarƙashinta fa?"

"Ƙasa ce, 'yata, har iya inda take. Tankin ya ƙare tun daga bakin ƙofa. Kin fita, babu abin da zai same ki. Zauna da nauyinki duka."

Na zauna.